Tsohuwar Peugeot 504: Mutum Ya Gyara Jikinta da Kansa Ko Ya Kai Wa Fanal Bita?

Duk wanda ya saba bin lungunan Unguwar Sanusi, Tudun Wada ko Badikko a Kaduna ya san irin motar da ake magana a kai. Tsohuwar Peugeot 504 ce ko 505 da aka jingine jikin katanga, tayoyi sun sace, fenti ya koɗe, tsatsa ta fara cin ƙasan ƙofa. Yawanci ta mahaifi ce ko ta kaka. An ƙi sayar da ita ga 'yan gwangwan saboda tarihinta, an kuma kasa tayar da ita saboda kuɗi.

Wayar hannu ta ƙara wa lamarin wani salo. Matashi zai buɗe YouTube ko TikTok ya ga an jawo mota daga juji, cikin minti 15 ta dawo tana ƙyalli kamar yau ta fito daga kamfani. Daga nan sai tunani ya zo: tunda ga bidiyo a hannu, ga kasuwar Panteka kusa da gida, me zai hana mutum ya yi aikin da kansa ya huta da kuɗin fanal bita?

Gyaran jikin mota tarin ayyuka ne daban-daban. Akwai waɗanda ɗan koyo zai iya yi a ƙofar gida, akwai waɗanda kuskure a cikinsu zai ci kuɗi, akwai kuma waɗanda kuskure a cikinsu zai iya cin rai. Wannan darasi zai nuna yadda ake rarrabe su, da yadda wayar da ke aljihu za ta taimaka wajen yanke shawara kafin a kashe ko sisi.

Me ya sa 504 ta bambanta?

Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a shekarar 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, gasar da ta yi suna wajen karya motoci. A wannan shekarar ce kuma kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a masana'antarsa ta Kakuri a nan Kaduna. An daina ƙera salun ɗin 504 a Turai a 1983, amma Kakuri ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Wannan ya sa har gobe ana samun ƙofofi, bonet, madigadi da gilasanta a hannun masu sayar da tsofaffin kaya, kuma akwai dattawan makanikai da suka san ta ciki da bai.

Sai dai akwai abu ɗaya game da ƙirarta da ya kamata mai niyyar gyara ya fahimta. Manyan motoci irin su tifa da tirela suna da shasi mai kauri daban, jiki kuma an ɗora shi ne a sama. Ita ma Volkswagen Beetle da aka riƙa haɗawa a Legas, jikinta ɗaure yake da kusoshi a kan faifan ƙasa. Salun da wagon na 504 ba haka suke ba. Jikin da shasin abu ɗaya ne da aka haɗe da walda. Daɓen da ake taka ƙafa, dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, ginshiƙan da ke riƙe da rufi, da wurin da shokazoba ke ɗaure, su ne ƙashin bayan motar. Idan tsatsa ta cinye su, ba kwalliya kaɗai ta tafi ba, ƙarfin da zai kare fasinja ranar haɗari ne ya tafi.

Ƙa'ida ɗaya da za ta raba gardama

Mai amfani da waya ya riga ya san wannan ƙa'ida ko da bai lura ba. Kowa yana canza gilashin kariya da kansa, domin idan ya karkace sai a ɓare a sa wani. Canza sikirin kuwa sai mai ƙarfin hali, domin kuskure yana nufin sayen wani sikirin. Amma babu mai hankalin da zai ɗora wuta a kan injin wayarsa ɗaya tilo don ya kalli bidiyo sau biyu, domin idan ya ƙone babu komawa baya.

Haka jikin mota yake. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: idan aka yi kuskure, ana iya warwarewa? Idan ana iyawa, nawa zai ci? Idan ba a iyawa, wa zai ɗauki asarar, aljihu ko jikin mutum? Duk sauran bayanin da ke tafe a kan wannan ma'auni ya tsaya.

Mataki na 1: A binciki motar kafin a taɓa ta

Ba a yanke shawara a kan motar da ba a san cutarta ba. Wannan bincike ba ya buƙatar ƙwarewa, kuma yini ɗaya ya isa.

Da farko a wanke motar tas, har ƙasanta, a cire tabarmin roba da kafet. A Kaduna ba a zuba gishiri a titi kamar yadda ake yi a Turai lokacin ƙanƙara, don haka tsatsar motar da aka haɗa a Kakuri yawanci daga ruwan da ya kwanta take zuwa: ruwan damina da ya shiga ta robar gilashi da ta bushe, laka da ta maƙale a cikin madigadi, ƙananan ramukan fitar ruwa na ƙasan ƙofa da suka toshe, da ruwan batir da ya zuba a mazauninsa. Motar da aka shigo da ita ta Kwatano bayan ta yi shekaru a Turai kuwa, tana iya zuwa da tsatsar gishiri a ƙarƙashinta.

Sannan a yi waɗannan gwaje-gwaje guda 5:

1. Gwajin fitila. Da daddare a kunna fitilar waya, a kwantar da ita kusa da jikin motar yadda hasken zai bi ta gefe. Duk lotsawa da tudu da ido ba ya gani da rana za su fito da inuwa.

2. Gwajin maganaɗisu. A samu ƙaramin maganaɗisu marar ƙarfi sosai, a naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti, a bi jikin motar da shi. Inda ya kama, ƙarfe na kusa. Inda ya saki ko ya yi sanyi, akwai bodi fila mai kauri daga wani tsohon gyara. Akwai ƙananan na'urorin auna kaurin fenti, wasunsu ma suna haɗuwa da waya ta Bluetooth. Fentin kamfani yakan kasance tsakanin maikuron 100 zuwa 200, wato bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Idan na'urar ta nuna 1,000 ko fiye, fila ce a wurin.

3. Gwajin sukudireba. A danna bakin sukudireba a duk inda tsatsa ta fito, musamman daɓe, ƙasan ƙofofi, cikin but, da wuraren da ake kafa jak. Idan ƙarfen ya tsaya da ƙarfinsa, tsatsar ta sama ce. Idan ya lotsa ko ya huje, ta ci ciki.

4. Gwajin ƙofa da awo. A buɗe kowace ƙofa a rufe. Idan sai an ɗaga ta take rufuwa, ko tazarar da ke tsakaninta da jiki ta fi faɗi a sama fiye da ƙasa, wataƙila maratayin ne ya gaji, wataƙila kuma jikin ne ya sauka. A ɗauki tef ɗin awo a auna ɗakin inji daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye, hagu da dama. Idan awon biyu ya bambanta da fiye da 'yan milimitoci, motar ta taɓa buguwa ta karkace.

5. Gwajin kyamarar igiya. Ana sayar da ƙaramar kyamara mai doguwar igiya da fitila a bakinta, wadda ake jonawa da waya ta ramin caji. A zura ta cikin ƙofa da cikin dogon ƙarfen ƙasan ƙofa. Tsatsa takan fara ne daga ciki, don haka kumburin da ake gani a fenti sau da yawa kan dutse ne kawai.

Duk wurin da aka samu matsala a ɗauki hotonsa, a rubuta masa lamba, a tara hotunan a jaka guda a waya. Wannan jerin shi ne taswirar aikin.

Mataki na 2: A raba aikin gida uku

*Rukuni na farko: aikin da ɗan koyo zai iya.* Kwance bamba, fitilu, kujeru, hannun ƙofa da ƙarafan ado. Wanki da kankare laka. Buɗe ramukan fitar ruwa. Goge tsatsar sama da burushin ƙarfe da sanfefa, a shafa maganin tsatsa mai asid ɗin fosfarik, a bi da furaima. Canza madigadi, bonet ko ƙofa da aka ɗaure da kusoshi. Goge tsohon fenti da man sheƙi, wanda wani lokaci yakan dawo da hasken mota har a fasa feshi gaba ɗaya. Duk waɗannan idan an yi kuskure ana sakewa, abin da za a rasa lokaci ne da ɗan gumi. Kuma su ne ke cin mafi yawan awannin aiki, don haka wanda ya yi su da kansa ya rage kuɗi na gaske.

Abin lura a nan: kafin a kwance kowane abu a ɗauki hotonsa, bayan an kwance a sa kusoshinsa a leda a rubuta sunansa. Kamar yadda ake ajiye kwafin bayanai kafin a yi wa waya fulashin, haka hotunan nan za su ceci mutum bayan wata 3, lokacin da ya manta wace waya ce ke shiga wace fitila. Robobi da ƙananan maƙalai na 504 sun fi ƙofa wahalar samu, don haka kada a ɓalle su da ƙarfi.

*Rukuni na biyu: aikin da ake iya koya, amma ba a jikin motar ba.* Buga ƙaramar lotsawa da guduma, shafa bodi fila, da daidaita fuska da sanfefa. Masu haɗa manhaja ba sa gwada sabon aiki a kan manhajar da jama'a ke amfani da ita, sai sun gwada a gefe sun ga ya yi. Mai mota ma ya je Panteka ya sayi tsohuwar ƙofa ko madigadi da ya lalace, ya yi ta gwaji a kai har hannunsa ya faɗa.

Ga abubuwan da ya kamata ya sani game da fila. Ana haɗa ta da hadina kimanin kashi 2 cikin 100. Bayan an cakuɗa, minti 3 zuwa 5 kawai ake da su kafin ta fara daskarewa, kuma a zafin watan Maris da Afrilu lokacin ya fi haka gajarta, don haka kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa. An yi ta ne don cike 'yar lotsawar da guduma ta bari, kaurin da bai wuce milimita 3 ba. Ba a shafa ta a kan tsatsa, ba a kuma toshe rami da ita, domin tana shan danshi ta baya. Wanda ya toshe ramin tsatsa da fila ya yi gyaran gangar Auzinawa: damina ɗaya ko biyu fentin zai kumbura, ramin kuma ya fi na da girma. Wajen gugar sanfefa ana farawa da mai kaushi lamba 80, a koma 180, sannan 320, a ƙare da 400 zuwa 600 a kan furaima kafin fenti. Kuma a naɗa sanfefar a jikin katako mai faɗi, domin yatsu kaɗai suna barin kwari.

*Rukuni na uku: aikin da ake bar wa masu shi.* Yanke ruɓaɓɓen daɓe da walda sabo. Gyaran ƙarfen ƙasan ƙofa, ginshiƙai, mazaunin shokazoba da wurin ɗaure bel ɗin kujera. Miƙe motar da ta karkace. Duk wani aikin wuta kusa da tankin mai. Da feshin fenti na gaba ɗaya. Dalilan suna tafe.

Abin da bidiyo ba ya nunawa

Bidiyon minti 15 aikin makonni ne ko watanni da aka yayyanke. An cire wurin da aka yi kuskure, an cire shekarun da mai aikin ya yi yana koyo, an kuma cire kayan aikin da ke bayan kyamara.

Ƙarfen jikin mota siriri ne, kimanin milimita 1 ko ƙasa da haka. Injin waldar sanda da ake yin ƙofar gida da taga da shi yana huda irin wannan ƙarfe nan take a hannun ɗan koyo. Masu bidiyo na Amurka da Ingila yawanci waldar MIG suke amfani da ita, mai siririyar waya da tukunyar gas, a garejin da wuta ba ta ɗaukewa. Fanal bita na gida kuwa ya fi amfani da waldar gas ta iskar oksijin da kabaid. Ita kuma zafinta yana yaɗuwa, idan hannu bai ƙware ba sai faifan ƙofa ya lanƙwashe ya yi igiyar ruwa da babu filar da za ta ɓoye.

Sai maganar wuta. Ƙaramin janareton nan na gida da ke ɗaukar fanka da talabijin bai kai kilowat 1 ba, alhali injin walda yana buƙatar ninkin haka sau da yawa. Bindigar feshi ta zamani tana shan iska kusan lita 300 ko fiye a minti guda, ƙaramin kwamfiresa na hura taya kuma ba ya iya ba ta haka a jere. Iska na raguwa, fenti sai ya fito da gudaji kamar bawon lemo.

Yanayin Kaduna ma yana da nasa hukunci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana sauka a kan ɗanyen fenti ta manne. A tsakiyar damina, musamman Agusta, danshi yana dusashe fenti, kuma ƙarfen da aka goge aka bari tsirara yana iya wayar gari da jan tsatsa. Saboda haka duk wurin da aka goge har ƙarfe a rufe shi da furaima a ranar, feshin ƙarshe kuma a yi shi a rufaffen ɗakin feshi, wanda masu sana'ar ke kira obin.

Haɗarin da ba a gani da ido

Wannan sashe ya fi kowanne muhimmanci, domin mota ana sake saya, huhu da ido ba a sayar da su a Panteka.

Fentin mota na zamani da ake kira 2K ana haɗa shi da hadina mai sinadarin aisosayanet. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta sa wannan sinadari cikin manyan abubuwan da ke jawo cutar asma a wurin aiki, kuma masu feshin mota na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Hazonsa ba ya ganuwa sosai, takunkumin ƙyalle ko na asibiti ba ya tare shi. Abin da aka tanada dominsa shi ne takunkumin da ake turo wa tsabtatacciyar iska ta tiyo. Idan jikin mutum ya riga ya kamu, ko ɗan kaɗan ya shaƙa daga baya numfashinsa zai iya sarƙewa. A unguwa mai cunkoso irin Unguwar Sanusi, inda katanga ke jingine da katanga, hazon ba ya tsayawa a kan mai feshi. Yana shiga ɗakin maƙwabta da inda yara ke wasa.

Tsofaffin fentoci kuma wasunsu suna ɗauke da dalma. Wanda ya tuna yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya san cewa ƙurarta ba abin wasa ba ce, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa. Don haka ko aikin rukuni na farko ne, a goge da jiƙaƙƙiyar sanfefa inda zai yiwu, a sa takunkumin ƙura na gaskiya, a nisanta yara, kada kuma a shiga cikin gida da kayan aiki a jiki.

Tankin mai da babu komai a ciki ya fi cikakke haɗari wajen fashewa, domin tururin fetur da ya gauraya da iska shi ne ke kamawa. Tartsatsin giranda kaɗai ya isa. Tukunyar kabaid tana samar da iskar asitilin, wadda ke iya fashewa idan matsinta ya yi yawa ko wuta ta koma baya ta tiyo. Hasken waldar lantarki yana ƙona fatar ido, zafin kuma sai cikin dare yake tashi. Faifan giranda idan ya tsage yana tashi kamar harsashi, shi ya sa ba a cire murfinsa, ba a kuma aiki da shi babu tabarau. Sannan ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko wadda aka ɗora a kan bulo. Garin neman gira kada a rasa ido.

Mataki na 3: A yi lissafi a waya

A buɗe Google Sheets ko kowace manhajar lissafi, a yi layi ga kowane aiki da ke cikin jerin hotunan nan. A gaban kowanne a cike gurabe 5: kuɗin kayan da ke ƙarewa, irin su sanfefa, fila, furaima, tina da tef; kuɗin kayan aikin da sai an saya; kuɗin man janareta; kwanakin da aikin zai ci; da abin da za a biya gwani idan aka ɓata ya zo ya gyara. Gurbi na ƙarshen nan shi ne wanda kowa ke mantawa, kuma gyaran ɓarna yakan fi gyaran farko tsada, domin sai an kankare abin da aka shafa kafin a fara.

Farashi yana canzawa kusan kowane wata, don haka kada a dogara da abin da wani ya faɗa bara. A tura hotunan ta WhatsApp ko a je da su ƙafa da ƙafa wurin fanal bita 3 daban-daban, kowanne ya faɗi kuɗinsa aiki-aiki, ba dunƙule ba. Sai a kwatanta layi da layi. Kayan aikin da sau ɗaya za a yi amfani da shi, a lissafa kuɗinsa duka a kan wannan motar. Wanda kuma yake da niyyar mayar da abin sana'a, yana iya ɗaukarsa a matsayin jari.

A kuma tambayi kai: me ake so da motar? Idan don sayarwa ne, a fara binciko nawa ake sayen mai kyau irinta, domin sau da yawa kuɗin cikakken gyara yakan wuce farashin motar, kwalliya ta kasa biyan kuɗin sabulu. Idan don tunawa da mahaifi ne, wannan lissafi ne na daban, amma a san cewa da ido buɗe aka shiga.

Hanyar tsakiya: a raba aiki da gwani

Ga yawancin matasa, shawarar da ta fi dacewa ita ce raba aiki. Mai mota ya kwance, ya wanke, ya goge, ya nemo kayan da suka ɓata. Fanal bita ya yanke ya yi walda ya miƙe. Mai fenti ya yi feshi. Mai mota ya dawo ya ɗaura komai da taimakon hotunansa.

Mazauna wannan yanki suna da sa'a a nan. Tsohuwar kasuwar Panteka da ke kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna cike take da maƙera, masu walda da masu lanƙwasa ƙarfe, waɗanda za su iya yanko faifan daɓe daidai da awo idan an kai musu samfuri na kwali. A zamanin da Farfesa Idris Bugaje ke shugabantar kwalejin, kafin ya koma shugabancin hukumar NBTE a 2021, an ƙulla alaƙa tsakanin kwalejin da masu sana'ar Panteka domin a riƙa gwada ƙwarewarsu ana ba su takardar shaida. Wanda sha'awarsa ta wuce mota ɗaya, ƙofar koyo a buɗe take, ko ta wannan hanya ko ta zama yaron shago a ƙarshen mako.

Wajen yarjejeniya, a biya kuɗi mataki-mataki, kada a zube duka a farko. A rubuta abin da aka amince a saƙon waya don kowa ya riƙe. Mafi muhimmanci, a nemi ganin waldar tsirara kafin a rufe ta, domin fila da fenti suna ɓoye komai. Ba sai an yi maganar da za ta nuna rashin yarda ba. Ya isa matashi ya ce wa dattijon mai gareji: "Baba, don Allah idan an gama waldar a kira ni in zo in gani kafin a shafa fila, ina son in koya ne." Gwanin kirki ba ya ƙin wannan, sau da yawa ma daɗi yake ji.

Kada a manta da takardu

Lambar shasi ita ce shaidar motar. Kada a yanke wurin da take, kada a goge ta da giranda, kada a binne ta da fila. A ɗauki hotonta kafin a fara aiki, a kuma nuna wa mai walda inda take. Launin mota ma yana rubuce a takardunta. Idan fara ce aka mayar da ita shuɗiya, sai a je ofishin rajistar motoci a gyara bayanin, don kada a samu matsala da 'yan sanda, jami'an kiyaye haɗurra ko KASTLEA a kan hanya. Motar da ta daɗe a ajiye kuma, a tabbatar an duba birki, tayoyi da tiyon mai kafin a hau titi, domin sabon fenti ba ya tsayar da mota.

Tambayoyi 5 kafin a ɗauki guduma

1. Sukudireba ya huda ƙarfen? Idan e, aikin walda ne, a kai wa gwani.
2. Wurin yana ɗauke da nauyin mota, ko kujera, ko bel, ko shokazoba? Idan e, a kai wa gwani ko da ramin ƙarami ne.
3. Aikin yana buƙatar wuta kusa da tanki, ko feshin 2K? Idan e, ba a ƙofar gida ba.
4. An gwada irin aikin a tsohuwar ƙofa har ya yi kyau? Idan a'a, a koma gwaji.
5. Akwai inuwa, wurin da za a kulle kaya, da kuɗin da zai kai aikin ƙarshe? Idan a'a, a dakata. Motar da aka kwance aka bari damina ta same ta tsirara ta fi wadda ba a taɓa ba saurin mutuwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda bai shirya fara komai ba tukuna, akwai abin da zai yi a wannan makon ba tare da kashe kuɗi ba: ya cire jiƙaƙƙen kafet, ya buɗe ramukan ƙasan ƙofa da siririyar waya, ya cire batir, ya gusar da motar daga ƙarƙashin indararo, ya yi gwaje-gwajen nan 5 ya adana hotunan. Wannan kaɗai zai rage wa tsatsa gudu har zuwa ranar da aljihu da hannu za su shirya.